Siyasar Waya Da Wasiƙa Marar Sa Hannu

Duk wanda ya zauna a Kongo, ko wani wuri cikin Tudun Wadan Zariya, ya san unguwar nan tamu unguwar takarda ce tun asali. A nan Kongo aka kafa makarantar koyar da akawuna a 1947, wadda ta girma ta zama makarantar koyon aikin mulki, har ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Ba nisa kuma ga gidan Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, inda aka daɗe ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939, Alhaji Abubakar Imam yana editanta. Daga gidan nan littattafan yaƙi da jahilci suka riƙa fita suna bazuwa ko'ina cikin Arewa. Saboda haka mutanenmu sun tashi da ganin girman abin da aka rubuta. In gardama ta yi tsawo a bakin masallaci, wani ya ce, "Ai na gani a rubuce," to, magana ta ƙare.

Wannan ganin girma shi ne 'yan siyasar zamanin nan suka samu suka ɗaura wa sirdi. Ku da kuka sha wahala kuka koyi karatu da girmanku, ku ne abin ya fi shafa, domin ku a kan miƙo wa waya a ce, "Malam, karanta mini."

Bari mu fara tuna yadda iyayenmu suka san neman ƙuri'a. Sa'ad da aka kafa NEPU a Kano a 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, lacca a ke yi. Sai an nemi izni wurin En'e, a sami fili, a ɗora lasifika bisa mota, mai magana ya hau tebur kowa na kallon fuskarsa. In ya yi ƙarya, akwai wanda ya san gidan ubansa a cikin taron. In ya faɗi gaskiya mai ɗaci, dogarai da 'yan doka sun san inda za su same shi. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda abin da ta faɗa da bakinta a gaban jama'a. Ban ce siyasar wancan zamani tsarkakakkiya ce ba. An yi zage-zage, an yi jifa, an kori mutane daga garuruwansu, an raba aure. Amma kowace magana tana da mai ita.

Siyasar waya kuwa, a ƙasar nan, ana iya sa mata ranar suna. Cikin watan Satumba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da cewa zai tsaya takara, ba a filin taro ya fara faɗa ba, a shafinsa na Facebook. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka wasan 'yan boko ne. Kafin zaɓen 2015 wayar da ke ɗaukar hoto ta yi araha, WhatsApp ya shigo, kafin 2019 kuwa ba ɗan takarar da ba shi da samari masu yi masa aiki a waya, daga mai neman shugabancin ƙasa har mai neman kansila.

Ba zan ci amanar abin nan in ce ba shi da amfani ba. Talakan da dā sai ya sami mai rubuta masa wasiƙa zuwa ga edita, ya jira mako uku, watakila a buga watakila a jefa kwando, yau yana ɗaukar hoton kwalbatin da ya karye a unguwarsu, kafin la'asar dubu sun gani. Matan Arewa ba su sami jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979; yau mace tana cikin ɗakinta tana jin abin da kowane ɗan takara ya ce, ba sai maigida ya tace mata ba. Ranar zaɓe kuma, wakilin jam'iyya ya kan ɗauki hoton takardar sakamako a rumfa tun ba a kai ta ko'ina ba. Wannan ya ƙuntata wa masu canja alƙaluma a hanya, ko da ya ke a zaɓen 2023 Hukumar Zaɓe ta yi alkawarin sa hotunan takardun a intanet nan take, sa'an nan na zaɓen shugaban ƙasa suka yi jinkiri ƙwarai, har abin ya zama babbar magana a kotu.

Inda na ke da ƙara a kan siyasar waya wuri ɗaya ne, amma babba ne. Ni aikina akawu ne. Abin da aka fara koya mini ran da na kama aiki shi ne, wasiƙar da ta zo ba lamba, ba kwanan wata, ba sa hannu, ba a aiki da ita, ko da kuwa a kan takarda mai tambarin gwamnati aka buga ta. Tun kafin wannan, a makarantar zaure, an gaya mana yadda malaman Hadisi irin su Imamul Bukhari ba su karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma wancan mutumin kirki ne ko maƙaryaci. Jarida ma doka ta tilasta mata ta buga sunan maɗaba'arta, don a san wanda za a kama. To, saƙon siyasa a waya, mafi yawansa, wasiƙa ce marar sa hannu. Abin da kawai za ka gani a kansa shi ne alamar cewa turo shi aka yi. Wanda ya turo maka ƙaninka ne ko abokin cinikinka, mutumin da ka amince da shi, saboda haka amincin da ka ba shi sai ya koma kan saƙon, alhali kuwa shi kansa bai san mafarinsa ba.

Ana sauran kwana biyu zaɓen Fabrairu na 2023, wani dattijo maƙwabcina, wanda ya gama ajin manya da daɗewa, kuma yana alfahari da karatunsa, ya same ni a ƙofar gida bayan isha'i. Ya nuna mini hoton wata takarda da aka sa a zauren WhatsApp na unguwa. Tana da tambari a sama, an buga ta da keken rubutu tsaf, tana cewa an ɗauke rumfunan zaɓe na wajenmu an mai da su wani wuri mai nisa, kuma wanda ya je tsohon wurin zai gamu da fitina. Tare da ita akwai saƙon murya, wani mai murya irin ta masu wa'azi yana maimaita maganar da Hausa, don waɗanda ba su karatu. Na ce, "Baba, duba ƙasan takardar, wa ya sa hannu?" Ya duba, babu. Na ce ya nemi kwanan wata. Babu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Amma ai ga tambari." Na gaya masa yaron da ke buga katin biki a bakin titi yana iya sa masa tambarin nan a takardar bashin goro. Kafin ya zo wurina kuwa ya riga ya tura wa mutum biyar.

Kada mai karatu ya ce wannan ƙaramin abu ne na unguwa. A 2018 aka baza labari cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu tun tuni, wanda ke kan kujera wani mutumin Sudan ne mai kama da shi, wai shi Jubril. Aka riƙa jera hotuna ana gwada kunne da kunne, hannu da hannu. Maganar ta yi ƙarfi har cikin Disamba na shekarar, yana ziyara a ƙasar Folan, sai da shugaban ƙasa ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ne shi. Allah ya ba shi sauran rai har Yuli na 2025. Ban ji wanda ya dawo ya nemi gafarar waɗanda ya tura wa hotunan ba.

Wani lokaci ma wasiƙar ba a ƙasar nan aka rubuta ta ba. Jaridun Ingila sun tona a 2018 cewa gabanin zaɓen 2015 wani attajiri mai son Jonathan ya ɗauko kamfanin Cambridge Analytica, aka kuma yi wani bidiyo cike da jini da yanke-yanke don a tsorata mutane da Buhari. Ba a nuna cewa shi Jonathan ya san da zancen ba. Cikin Mayu na 2019 kuma Facebook ya rufe shafuffuka da asusai 265 da ke da alaƙa da wani kamfanin Isra'ila mai suna Archimedes, waɗanda ke yin kamar 'yan ƙasa ne suna zancen siyasar ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Mutum yana zaune a Tudun Wada yana ta gardama da zafi, yana zaton da ɗan'uwansa ya ke yi, ashe da ma'aikacin wani kamfani ne a bayan teku.

Na gida su ne a ke kira sojojin baka. Sunan ya fito ne daga masu shiga rediyo a Kano suna kare ubangidansu, sa'an nan ya bi su zuwa waya. Yawancinsu samari ne masu ilmi da ba su sami aiki ba, ana ba su kuɗin data da ɗan abin shayi. Manyansu kuwa ba ɗan abin shayi su ke karɓa ba: binciken BBC na Janairu 2023 ya nuna jam'iyyu suna biyan masu yawan mabiya a ɓoye, don su baza labaran ƙarya a kan abokan hamayya. Ban zargi yaro don ya nemi abinci ba. Maroƙi ma sana'a ya ke yi. Bambancin shi ne maroƙi yana tafe da kakakin muryarsa a fili, kowa ya san wanda ya ba shi riga. Wannan kuwa yana zuwa maka a matsayin ɗan'uwa mai kishin ƙasa.

Don haka ne, ko da wasu za su yi mamaki, na fi sassauta wa mawaƙa. Waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara sun bi wayoyi sun shiga kowane lungu a zaɓen 2015 da na bayansa, da habaicinsu da zambonsu, kuma akwai abin da ba na so a ciki. Amma al'adar waƙar Hausa ce mai ita ya ambaci sunansa, kamar yadda marubutan waƙoƙin NEPU da na NPC suka saba yi a baitocin ƙarshe. Da ya juya ya soki mulkin Buhari a 2023, nan da nan mutane suka tono tsofaffin waƙoƙinsa suka ajiye masa a gaba. Wannan shi ne amfanin sa hannu. Mai saƙon muryar da ya ruɗi maƙwabcina, wa zai tono masa nasa?

Sa'an nan akwai tambayar da 'yan takara ya kamata su yi wa kansu, watau ko hayaniyar waya tana zama ƙuri'a. A zaɓen Disamba na 1959 Cif Awolowo ya shigo Arewa da abin da ba a taɓa gani ba, jirgin sama mai saukar ungulu, yana sauka a ƙauyuka, jama'a na tururuwa. Da aka ƙirga, cikin kujeru 174 na Arewa jam'iyyarsa ta sami 25, NPC ta sami 134. Da yawa jirgin suka je kallo. A 2023 ba a taɓa yin zaɓen da aka yi surutunsa a waya kamarsa ba, kuma ba shakka waya ta taimaki Peter Obi ya tara ƙuri'a fiye da miliyan 6 ba tare da gwamna ko ɗaya ba. Duk da haka, cikin mutum fiye da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ina zaton saƙon tsoratarwa ya fi saƙon kira aiki. Da wuya waya ta sa mutum ya bar jam'iyyar gidansu, amma da sauƙi ta zaunar da shi a ɗaki.

Maganin da hukuma ta gwada bai gamsar da ni ba. A Yuni na 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, wanda yanzu a ke kira X, bayan ya share wani rubutun shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai Janairu na 2022, kotun ECOWAS kuma ta ce rufewar ta saɓa doka. A Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin, da sharar kotu, saboda wasan da suka yi da gwamna a TikTok. Ku lura, waɗannan samari da fuskarsu suka fito, shi ya sa bulala ta same su. Irin wannan hukunci koya wa sauran ya ke yi su ɓoye suna. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a daina yaƙin neman zaɓe sa'a 24 kafin ranar jefa ƙuri'a. Lasifika ta kan yi shiru, rediyo ya kan yi shiru, amma daren nan shi ne daren da waya ta fi zafi, don an san gari zai waye kafin a ƙaryata. Da ni a ke shawara, da jam'iyyu aka matsa wa: kowace ta bayyana shafuffukanta da mutanen da ta ke biya, yadda a ke sanin wanda ya biya tallar rediyo.

Maƙwabcin nan nawa, da muka rabu, ya koma ya bi mutum biyar ɗin nan ɗaya ɗaya da waya, yana ce musu takardar ba sa hannu. Uku sun ji. Biyu sun ce ai sun riga sun tura gaba, kuma su dai ba za su sa kansu cikin fitina ba. Ranar Asabar muka tafi tare da sassafe, muka tarar da rumfa tana nan gindin bishiyar da ta saba zama, ma'aikata na jera kujeru. Ya jefa ƙuri'arsa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Matansa biyu da surukarsa, waɗanda saƙon muryar kaɗai suka ji, ba su fito ba.