Jinjina ga Masu Jarraba Mahaɗar Manhajoji

Haƙiƙa, cikin ma'abota ilmin kwamfuta, kaɗan ne suka cancanci yabo irin masu jarraba mahaɗar da ke tsakanin manhaja da manhaja, domin idan saƙon kamfanin biyan kuɗi na Paystack ya iso cikin sigar JSON yana shelar an biya kuɗi, ba sa gaskata shi sai sun tantance hatiminsa na HMAC, tamkar yadda malaman hadisi ke bin isnadi kafin karɓar matani. Da gangan sukan aika gurɓataccen saƙo su ga ko za a ƙi shi, kuma su maimaita sahihi, saboda Paystack kan sake aikowa idan bai sami amsar 200 mai tabbatar da karɓar saƙon ba, kada ciniki ɗaya ya shiga littafin ɗan kasuwa sau biyu.