Kalangu a Gaban Makirufo: Nazari Kan Ɗaukar Kiɗa a Ƙananan Situdiyon Jalingo

Wanda ya karanta sunayen mazaɓun Jalingo zai zaci 'yan majalisar sarki ake lissafa masa: Turaki, Barade, Majidadi, Sintali, Kachalla, Sarkin Dawaki. Dalilin a fili yake. Garin ya zama mazaunin sarautar Muri tun 1893, zamanin Sarki Muhammadu Nya, kusan shekara ɗari kafin a ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991 a mai da shi babban birninta. Inda kuwa aka ce sarauta an ce kiɗa. Ga kalangun biki da na mahauta, ga bandirin 'yan ɗariƙa, ga gangunan Turawa a majami'u, ga tulun da matan zumunta ke bugawa ranar Lahadi. Jalingo ba ta taɓa rasa masu dukan fata ba. Amma ka zauna ka saurari waƙoƙin da samari ke fitarwa daga ɗakunan da suka mayar situdiyo, a Sarkin Dawaki ko a wata unguwar, da wuya ka ji hannun makaɗi a ciki. Duk fiyano ne da kwamfuta.

Asalin wannan ba a Jalingo yake ba. A ƙarshen shekarun 1990 ne situdiyon Kano, irin su Iyan-Tama, suka rungumi fiyanon Yamaha don kiɗan finafinai, har aka haifi abin da ake kira nanaye. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan wannan juyi. Hujjar masu fiyano mai ƙarfi ce: mutum ɗaya zai buga maka ganga da sarewa da goge a zama ɗaya, babu kuɗin motar makaɗa, babu abincinsu. Da FL Studio da Cubase suka iso kuwa, ko fiyanon ma bai zama dole ba.

Sai dai akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, shi ne ya sa ni wannan rubutu. Da yawa daga cikin 'yan situdiyo sun taɓa gwadawa. An kira mai kalangu, an kafa masa makirufon da ake ɗaukar murya da shi, an buga, an saurara, sai aka ji abu kamar ana dukan kwali. Daga nan aka yanke hukunci: ɗaukar ganga sai da makirufo na musamman, shi kuwa na masu kuɗi ne. Aka sallami makaɗi, aka koma kan fiyano. Ni a ganina an yi wa makirufo ƙazafi. Matsalar ita ce shawarar da yaranmu ke samu, a intanet da bakin 'yan kasuwa, an gina ta ne a kan wata ganga dabam.

Shiga shagon kayan sauti ka ce kana son makirufon ganga. Abin da za a ɗauko maka akwati ne mai guda bakwai: babba ɗaya na gangar ƙafa, ƙanana huɗu masu maƙali da ake ɗanawa a bakin ƙarfen ganga, da sirara biyu da ake ratayawa sama don farantan tagulla. Kaya ne masu kyau ga abin da aka yi su dominsa, wato jerin gangunan Turawa da ke girke wuri ɗaya, kowace da muryarta guda da aka ɗaure da kusoshi. To ina bakin ƙarfe a jikin kalangu? A ina za ka maƙala abu a jikin kotso? Kuma makirufo bakwai na bukatar akwatin shigar da sauti mai ƙofa takwas, wanda 'yan situdiyo ke kira sawunkad, alhali mafi yawan ɗakunanmu mai ƙofa biyu gare su, irin Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD. Mutum ya kwashe jarinsa ya sayi bakwai, biyar na kwance a akwati suna shan ƙura.

Kalangu ba girkakke ba ne. Rataye yake a kafaɗar mutum, matse a hammatarsa, mutumin kuma yana rausaya, yana juyawa wajen ubangidansa, yana sunkuyawa. Abu mafi muhimmanci kuma, magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa da faɗuwa, makaɗi kuwa yana matse tsarkiya ya sassauta ta don fatar ta bi wannan karin. Da haka ake kaɗa wa mutum takensa ya jiyo daga nesa ya san da shi ake. Wanda ya saurari makaɗan Alhaji Mamman Shata ya san kalangun ba rakiya kawai yake yi ba, amsa masa yake. Saboda haka abin da ake nema a kama ba ƙarar bugun ba ce. Wannan lanƙwasar murya ce da ke biyo bayan bugu, inda sautin ke hawa ko ya gangaro. In ta ɓace, an ɗauki ƙara an bar zance.

A nan kuskuren farko yake aukuwa. An koya wa yaro cewa a manna makirufo dab da fata, kamar yadda ake yi wa gangar Bature. A dab da fatar kalangu abin da ya fi ƙarfi shi ne ƙwas ɗin makaɗi, wato sandar. Ga shi kuma irin makirufon da ke ji ta gaba kawai yana da wata ɗabi'a: da zarar abu ya matso shi sosai, sai ya kumbura masa ƙasan sauti. Sai ka sami ƙwas a sama, gum a ƙasa, tsakiyar da maganar take ciki ta dushe. Mai kiɗa ya ɗan juya, sauti ya faɗi. Ya dawo, ya fashe. Maganin bai kai naira ɗaya ba: a ja makirufon baya kamar kamu ɗaya, a saita shi daidai gefen fatar maimakon tsakiyarta, a bar mutum ya yi motsinsa.

To wanne za a saya? Iri biyu ne a kasuwa. Akwai dainamik, mai aiki da maganaɗisu da naɗin waya, ba ya bukatar wuta, ba ya tsoron ƙara, ba ya jin abin da ke nesa sosai. Akwai kwandensa, mai siririn tantani, wanda sai an ba shi wuta bolt 48 daga sawunkad, kuma yana jin komai. Samari sun fi ƙaunar kwandensa don shi ake gani a hotunan mawaƙa, rataye cikin ragarsa. Amma “jin komai” a ɗaki irin namu yana nufin janaretan maƙwabci, da Keke Napep, da zakara, da kukan fanka, da ruwan sama a kan kwano. Ƙurar hunturu da raɓar damina kuma ba sa yi wa tantaninsa daɗi. Ga ɗakin da ba a gyara ba, dainamik ne abokin tafiya.

A cikin dainamik, sunan da ba a kauce masa shi ne Shure SM57. Tun 1965 ake yin sa, kuma har yau manyan situdiyon duniya na sa shi a gaban ganga. Kuɗinsa ya daɗe a wajen dala 100. A da wannan araha ne. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, ya zama abin da sai an yi tanadi. Alherinsa ga kalangu shi ne ba ya zuzuta ƙasan sauti, yana fito da tsakiya sarai. Wanda bai kai nan ba, Behringer XM8500 bai wuce kusan rubu'in wannan kuɗi ba. Don murya aka yi shi, amma a tazarar kamu ɗaya yana ɗaukar kalangu ba tare da kunya ba. An ce araha ba ta ado. Gaskiya ne, amma ba ado muka zo nema ba.

Arahar da nake gudu ita ce ta jabu. SM57 da ɗan'uwansa SM58 na cikin kayan sautin da aka fi kwaikwaya a duniya, da kwali da tambari da komai. Na gaske nauyinsa giram 284 ne, amma masu jabu ma sun iya ƙara ƙarfe. In aka ce maka ga sabo a rabin kuɗi, ka san amsar. Gara mai arahar da ke ɗauke da sunansa na gaskiya da mai tsadar da ya ari suna. Haka nan ƙaramin kwandensan nan BM-800 da ya cika kasuwa: ya isa karanta sanarwa, amma bugu mai ƙarfi na shaƙe shi. Kuma ba a cinikin biri a sama. In da hali, a je shago da makaɗin da gangarsa, a jona, a buga, a saurara. Mai shagon zai yi dariya. A bar shi ya yi.

Kotso da taushi, kayan makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi, da hannu ake kaɗa su, don haka sautinsu ya fi laushi, ana iya matsowa kusa kaɗan. Kotso fata ɗaya gare shi, gindinsa a buɗe, kuma wani kaso na zurfin muryarsa ta nan yake fita. Mai makirufo biyu zai so ya sa ɗaya gaba ɗaya baya. Ya yi hattara. Lokacin da fata ta tura iska gaba, ta baya janye ta take yi, sai makirufo biyun su ji abu ɗaya a kishiyance. Ka haɗa su, su cinye juna, gangar ta rame. Akwai maɓalli a kowace manhajar ɗaukar sauti da ke juya fuskar ɗaya daga ciki. A danna, a saurara, a zaɓi wanda ya fi cika. Tazara ma na haddasa irin wannan, domin sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, bambancin taku ɗaya ya isa ya sa ya riga isa wani makirufon. Shi ya sa ƙarin makirufo ba kullum ne ƙarin alheri ba.

Tulun matan zumunta na cikin kayanmu da ke neman abin da ke jin ƙasa sosai, kuma ko shi dainamik a kusa da bakinsa ya wadatar, muddin ba a saita shi daidai inda iska ke bugowa ba. Masu gangunan Turawa a majami'u, su da akwatin nan mai bakwai ya dace da su, su ma ba dole ba ne. Glyn Johns, injiniyan Ingila da ya ɗauki faifan farko na Led Zeppelin wanda ya fito a 1969, ya shahara da ɗaukar jerin ganguna da makirufo uku ko huɗu: ɗaya a gaban gangar ƙafa, ɗaya a sama, ɗaya a gefe, na sama da na gefen a tazara ɗaya daga ƙaramar gangar tsakiya. Da igiya ake aunawa. Kwandensa sirara biyu irin Behringer C-2 ko Samson C02, da dainamik ɗaya, da sawunkad mai ƙofa huɗu, sun yi aikin.

Sai ɗaki, wanda ya fi makirufo tasiri kuma ba a sa shi a lissafi. Ɗakin bulo mai siminti ko tayil, kusurwa huɗu, babu komai a ciki, yana mayar da kowane bugu sau da yawa har kiɗa ya dagule. Kwalayen ƙwai da ake mannawa a bango kwalliya ce kawai. Katifa a jingine, darduma a ƙasa, bargo mai nauyi a rataye nesa kaɗan da bango, buhunan tufafi a kusurwa, su ne ke aiki. Tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara kuwa, wanda ake rushewa a sa bulo, ya fi yawancin situdiyonmu daɗin sauti, don bangonsa ba sumul yake ba. Ko tsakar gida da dare, bayan an kashe janareta, wuri ne. Can babu rufin da zai dawo da amo, kuma a fili aka ƙera waɗannan ganguna su yi magana tun farko.

Abu na ƙarshe ya fi na'ura wuya, don ɗabi'a ce. Ɗan situdiyo ya saba ɗaukar kowa shi kaɗai, da abin sauraro a kunne, yana bin ƙyas-ƙyas ɗin kwamfuta, daga baya a jera bugun a kan layi. Kiɗan Hausa ba haka aka gina shi ba. Uwar kalangu na jan zance, ɗan karɓi na cike mata, kuntuku na riƙe da gindi, 'yan amshi na jiran mawaƙi, kowa na kallon kowa. Tsofaffin ɗaukar da Rediyon Kaduna ya yi wa makaɗa tun daga shekarun 1960 a tare aka yi su, a zama ɗaya, kuma har gobe ana sauraronsu duk da shuu ɗin kaset. Ƙungiyar da ta shekara ashirin tana kiɗa ta riga ta san yadda za ta sassauta in mawaƙi ya buɗe baki. Aikin mai ɗauka shi ne ya tsayar da su a rabin da'ira, mai ƙarfin kiɗa a baya, mai laushi a gaba, mawaƙi da nasa makirufon, ɗaya kuma ga sauran. A gwada, a saurara, a matsar da mutum taku ɗaya, a sake.

A tuna kuma inda waƙar za ta ƙare: a lasifikar waya, ta WhatsApp, ko a ƙaramin rediyon mai shayi. Waɗannan ba sa fitar da ƙasan sautin da ake kashe kuɗi a kai. Tsakiya suke fitarwa, inda muryar kalangu take.

Ga saurayin Sarkin Dawaki mai sawunkad ƙofa biyu, shawarata ita ce ya sayi dainamik biyu na gaskiya, da sandunan kafa su biyu masu ƙarfi, da wayoyi masu kyau. Abin da ya rage na kuɗin akwatin nan mai bakwai, ya biya makaɗi da shi, ya kira shi ranar da unguwa ta yi shiru.