Gwanintar Masu Ƙirgar Bayan Yaƙi

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin yaƙin basasar Amurka zai iske alƙaluma a jere. A gumurzun Gettysburg, daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, sojojin Arewa kimanin 94,000 sun gwabza da na Kudu kimanin 72,000, kuma waɗanda suka mutu, da waɗanda suka jikkata, da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai tsakanin 46,000 da 51,000. Mai karatu sai ya wuce abinsa, yana zaton wani ne ya tsaya bakin daga da alƙalami yana ƙirgawa. Alhali kuwa gumin wasu bayin Allah ne masu haƙuri, waɗanda suka ƙarar da shekarunsu kan tsofaffin takardu. Gwanintarsu ta cancanci yabo.

Abu na farko da gwani ke yi shi ne tambaya: wannan lamba, wa da wa aka ƙirga a cikinta? Akawun runduna yakan cike gurabe da dama. Akwai duk wanda sunansa ke cikin rajista, ko da yana kwance asibiti ko ya gudu gida. Akwai wanda yake cikin sansani. Akwai wanda yake sansani kuma yana da lafiyar aiki. Sannan akwai wanda zai ɗauki bindiga ya shiga sahu. Kuku da mai kora keken alfadari sojoji ne a takarda, amma ba su cikin sahun. Ƙari a kan haka, kwamandojin Kudu sukan ba da adadin kuratan da ke riƙe da bindiga kawai, su bar hafsoshi. Ka ga ke nan kowane ɓangare da irin mudunsa, kuma wanda ya gwama awon biyu bai daidaita mudun ba, ya yi zalunci ko bai sani ba.

A Gettysburg masu bincike sun yi gamon katar. Ranar 30 ga Yuni, jajibirin faɗan, ita ce ranar kiran suna domin biyan albashi a rundunar Arewa. Amma gwani ba ya ɗaukar wannan adadi ya rufe littafi. Sai ya cire waɗanda aka bari gadin kaya a baya, da waɗanda zafi da doguwar tafiya suka kayar a hanya, rukuni bayan rukuni.

Lissafin hasara ya fi wannan wuya. Na Arewa a rubuce yake: 3,155 sun mutu, 14,529 sun jikkata, 5,365 an kama su ko sun ɓace, jimilla 23,049. Na Kudu kuwa cike yake da giɓi. A watan Mayu 1863 Janar Robert E. Lee, kwamandan rundunar Kudu, ya ba da umarnin a daina sa masu ƙaramin rauni cikin rahoto, kuma takardu masu yawa sun salwanta lokacin da Richmond, babban birnin Kudu, ta faɗi a Afrilu 1865. Rahoton hasarar rundunar Lee a Gettysburg bai wuce 20,000 da ɗoriya ba.

A nan ne ake gane gwani. Thomas Livermore, wanda shi kansa ya yi yaƙin, ya fitar da littafinsa a 1900, inda ya cike giɓin da ƙiyasi da gwadawa, ya kai hasarar Kudu 28,063. Shekaru da dama bayansa, John Busey da David Martin suka bi hanya mai wahala, suka riƙa bin takardun kowace runduna da bayanan aikin sojojinta, har suka tsaya a 23,231. Tazarar kusan mutum 5,000 ce, kuma kowa ya shimfiɗa hanyar da ya bi a fili domin na baya ya duba. Abin da ya fi burge ni ke nan.

William Fox, shi ma tsohon soja, ya kula da wani abu a littafinsa na 1889. Rahoton da aka rubuta washegarin yaƙi ba ya faɗin ƙarshen labari. Wanda aka rubuta ya jikkata yakan cika bayan mako biyu, wanda aka ce ya ɓace wataƙila gawarsa ce ba a shaida ba. Don haka Fox ya koma rajistocin runduna yana bin makomar mutum ɗaya ɗaya. Daga aikinsa da na Livermore aka samo adadin nan na kusan 620,000 da suka mutu a dukan yaƙin. Shi ma bai zama ƙarshe ba: a 2011 J. David Hacker ya bi ƙidayar jama'a ta kafin yaƙin da ta bayansa, ya auna yawan mazan da suka ɓace daga lissafi, ya ce sun kai kimanin 750,000.

Kada wani ya ɗauka wannan aikin marasa abin yi ne. A 1862 rahotannin ɗan leƙen asiri Allan Pinkerton sun ƙarfafa wa Janar McClellan na Arewa zaton cewa maƙiyansa a kusa da Richmond sun kai 200,000, alhali ba su cika 100,000 ba, kuma ya ja da baya. Saboda haka, ya mai karatu, duk ranar da aka kawo maka adadin mamatan wani yaƙi, ka tambayi wanda ya ƙirga, da abin da ya ƙirga, da takardar da ya dogara da ita. Wanda ya iya amsa ukun nan, shi ne ya cancanci ka saurare shi.