Aikin Riga Da Idon Mai Hoto

Sana'o'i biyu sun ƙulla zumunci a zamanin nan namu, watau ɗinki da ɗaukar hoto, har ya zama da wuya a yi maganar ɗaya ba a taɓo ɗayar ba. Duk wanda ya ratsa ta Unguwar Sanusi ko Kasuwar Barci a Kaduna ana saura kwana goma salla, ya ga shaida. Mai riga ba ya tambayar maɗinki aikin da ya dace da yadinsa. Sai ya zaro waya daga aljihu, ya nuna hoton wani ango ko wani ɗan siyasa, ya ce, "Irin wannan." Maɗinki ya ɗinka, mai riga ya sa, a ɗauke shi hoto, hoton kuma ya zama abin kwaikwayo ga wani. To, tun da ido ne ke mulki, ya kamata mu auna abin da a ke nuna masa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Bari mu fara da aikin hannu irin na dā, gama shi ne ma'auninmu. Ba mutum ɗaya ke yinsa ba. Akwai mai zayyana, sau da yawa malami ne wanda hannunsa ya saba da rubutu, shi ke zana fasalin bisa yadi da alƙalami da tawada. Sa'an nan mai allura ya bi zanen da zaren tsamiya ko siliki ko farin zare, wata da watanni, kana a kai wa masu bugu. Kowane zane da sunansa: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, da gidan biyar mai kama da hatimin da malamai ke zanawa. Askar ta kan sauko daga wuya ta bi aljihun hagu, tambari ya zauna a dama shi kaɗai, sauran yadin kuwa a bar shi sarari.

A nan gwanintar ta ke. Mai zayyana ya san inda zai cika, ya kuma san inda zai ɗaga hannu. Gefe ɗaya ya yi nauyi, ɗayan ya yi sauƙi, amma in mutum ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa sai ka ga kome ya daidaita. An shirya aikin ne domin jiki mai tafiya, da mai kallo na kusa wanda zai miƙo hannu a gaisa.

Yanzu sai mu duba aikin injin kwamfuta, wanda ya cika shagunan Kaduna da Kano. Gaskiya ce, yana da nasa alheri, kada mu zalunce shi. Abin da allura ke yi cikin wata uku, shi ya kan gama a yini guda. Layinsa ba ya karkacewa. Leburan da a dā bai isa ya taɓa riga mai aiki ba, yau ya kan sa ta ya tafi masallacin Idi kansa a sama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma aibinsa uku ne. Na fari, ba ya barin sarari. Tun da cikawa ba ta gajiyar da inji, sai a lafta zare daga wuya har cibiya, hagu da dama daidai wa daida, ƙirji ya sandare kamar an ɗaura faranti. Na biyu, yawancin zanensa ba su da suna, sai lamba. Ka tambayi yaron shago, ya ce maka lamba kaza ce cikin kwamfuta. Zanen da ba shi da suna kuwa ba ya shiga bakin mutane, balle a gada. Na uku, zarensa mai walƙiya ne, an zaɓe shi don ya haska a hoto. Ranar biki ya kan ɗauki ido, bayan wanki kaɗan sai ya tashi gashi, yadin ya tattare a gefensa.

Me ya kawo haka? Hoton waya ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, ana kuma wuce shi da yatsa kafin ƙiftawar ido. A cikinsa ba a ganin tudun zare, ko ƙananan ramukan nan da mai allura ya zagaye ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke fita shi ne ƙyalli da launi mai ƙarfi. Saboda haka farin aiki bisa farin yadi, wanda dattawa ke daraja, ya kan ɓace a hoto, mai ƙyalli ya yi nasara. Ashe maɗinki ya bar yi wa jiki ɗinki, ya koma yi wa gilashi.

Masu hoto ma suna da nasu kason laifin. Tun daga babban hawan da a ka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da wanda a ka yi a nan lokacin FESTAC a 1977, har zuwa 2024 da Hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, hoton Arewa kusan iri ɗaya ne: doki, rawani, lifidi, ƙura. Hotuna ne masu kyau, babu musu. Amma kullum mahayi su ke nunawa. Ina wanda ya zana rigar? Ina badukun da ya yi kayan dokin? Ina marinin?

Ga misalin waɗanda su ka yi daidai. Ojeikere, wani mai hoto na Kudu, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara wajen dubu, galibi daga ƙeya ko daga gefe, bango babu ado, don kitson kaɗai ya yi magana. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Hotunansa baƙi da fari ne, amma ya san yadda zai sa haske har ka ƙirga zanen atamfa. Fati Abubakar kuma, daga 2015, ta bi titunan Maiduguri tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta jin kome game da Barno sai yaƙi. Dukansu uku sun tsaya sun duba abin da kowa ke wucewa. Rigarmu tana jiran mai irin wannan haƙuri.

Kada wani ya ce ina kira a jefar da inji. A 1958 waɗansu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa a karɓi kayan aikin Turawa, amma fasali ya fito daga gida. Haka kuma matan birnin Zariya na ƙungiyar Queen Amina, wadda a ka kafa a 1994, sun ɗauko zanen babbar riga sun ɗora bisa rigunan mata da kayan ɗaki. Sabon amfani, tsohon tushe. Ba abin da zai hana mai kwamfuta ya sa aska takwas cikin injinsa da kyakkyawan awo, ya kira ta da sunanta.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne wannan. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957, ta rufe a 2002. Shadda mai tsada daga Ostiriya ta ke zuwa, mai araha daga Sin. Injin ma baƙo ne. Abin da ya rage a hannunmu zayyana ce kaɗai. A 1976 David Heathcote, malamin zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya nunin ayyukan hannun Hausawa a Landan, baƙi su ka zo kallo. Abin kunya ne a ce jikan mai zayyana sai ya je gidan tarihi kafin ya san tambari.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in za ka ba da ɗinki, yi gwaji uku. Tambayi sunan zanen. Juya rigar ka duba bayan aikin, gama a nan a ke gane mai gaskiya. Sa'an nan ka ja da baya taki biyar, ka ga ko an bar wa yadin wurin numfashi. Kai kuma mai hoto, matso kusa, ka jira hasken hantsi ko na la'asar ya bugi zaren daga gefe, ka ɗauki hannun mai allura, ka rubuta sunan aikin a ƙarƙashi. Ka iya rubutu yanzu, ga wurin amfani da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.