4.3 Nagarta da Raunin Fim ɗin The Medium a Ma'aunin Al'adar Bori

4.3.1 Shimfiɗa

A wannan sashe za a yi sharhi a kan fim ɗin The Medium, wanda mutanen ƙasar Tailan suke kira Rang Zong. An fitar da shi a shekarar 2021, da haɗin gwiwar kamfanin GDH na Tailan da kamfanin Showbox na Koriya ta Kudu. Wanda ya ba da umarni shi ne Banjong Pisanthanakun, wanda yake ɗaya daga cikin mutum biyu da suka ba da umarnin Shutter a 2004, ya kuma yi Pee Mak a 2013. Mai ɗaukar nauyi shi ne Na Hong-jin, ɗan Koriya, mai fim ɗin The Wailing na 2016. Tsawon fim ɗin ya kai kimanin minti 130, kuma shi ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Bucheon a shekarar da ya fito.

Matasan Hanwa da Samaru da Sabon Gari sun fara sanin fina-finan Tailan ne ta hanyar na faɗa, musamman Ong-Bak na 2003. Irin waɗannan fina-finai suna shiga hannunsu a yau ta shagunan masu tura fim a waya da kuma intanet. To amma The Medium ya bambanta da na faɗa, domin abin da ya ginu a kansa, wato gadon iska a cikin zuri'a, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Saboda haka wannan nazari zai auna fim ɗin da abin da aka sani na bori, domin a ga inda ya yi ƙarfi da inda ya gaza.

4.3.2 Labarin Fim a Taƙaice

An gina labarin a yankin Isan na arewa maso gabashin Tailan. Wasu masu ɗaukar shirin gaskiya ne suke bin wata mata mai suna Nim, wadda wata iska mai suna Ba Yan take hawa. Matan gidansu ne suke gadon wannan iska. Da farko yayarta Noi aka zaɓa, amma ta ƙi, ta shiga addinin Kirista, sai abin ya koma kan Nim. Bayan rasuwar mijin Noi sai 'yarta Mink ta fara wasu halaye na ban mamaki. Aka zaci Ba Yan ce take neman sabuwar goɗiya. Noi ta yi gaggawar kai yarinyar wurin wani boka domin a yi mata bikin karɓar iska ba tare da yardar Nim ba. Daga baya aka gane cewa ba Ba Yan ba ce, taron miyagun ruhohi ne masu neman fansa a kan zuri'ar uban Mink, saboda ɗimbin rayukan da kakanninsa suka kashe. Nim ta nemi taimakon wani boka mai suna Santi, aka sa ranar fitar da su. Ana gobe za a yi aikin aka tarar da gawar Nim a ɗakinta. Aka yi aikin ba ita, ya ɓaci, kusan kowa ya hallaka.

4.3.3 Nagartar Fim

(a) Jigo

Babban jigon wannan fim shi ne gadon da ba a gudunsa. Daga cikin ƙananan jigogi akwai alhaki da cin amanar zumunci da kuma kokwanto a kan abin da mutum ya yi imani da shi. Ƙarfin fim ɗin na farko shi ne yadda ya warware wannan jigo cikin natsuwa. Ba a nuna Nim a matsayin muguwar matsafiya ba. Mace ce mai fara'a, tana ɗinki, tana karɓar marasa lafiya, tana kuma faɗa wa mai kallo cewa cutar asibiti asibiti take turawa. Wannan ya sa mai kallo ya amince da ita tun kafin tsoro ya shigo.

Idan aka dubi bori za a ga kamanni ƙwarai. A ƙasar Hausa ana kiran namijin da iska take hawa doki, mace kuma goɗiya. Akwai masu gadon bori daga iyaye da kakanni, akwai kuma waɗanda rashin lafiya ce take kai su, har a yi musu girka. Manazarta irin su Tremearne a 1914 da Besmer a 1983 sun yi bayanin waɗannan matakai. Haka nan a fim ɗin, rashin lafiya mai tsanani ce alamar kiran Ba Yan, kuma bikin karɓa shi ne kwatankwacin girka. Gunkin Ba Yan da yake a kan dutse cikin daji zai tuna wa Bahaushe da Tsumburbura a Dala, ko kuma abin da ake faɗa a kan iskokin dutsen Kufena a nan Zariya. Wannan kusanci shi yake sa tsoron ya kama mai kallo na Hanwa fiye da yadda fim ɗin fatalwar Turawa zai kama shi.

(b) Taurari

Nagarta ta biyu ita ce yadda aka gina taurarin uku mata. Sawanee Utoomma, wadda ta fito a matsayin Nim, ta yi wasa kamar ba wasa take yi ba. Maganarta a hankali, tafiyarta ta mutumin da ya saba da aikinsa. Fitowar da ta fi kowace ƙarfi a fim ɗin ita ce inda Nim ta hau dutse ta tarar an sare kan gunkin Ba Yan, ta rungume shi tana kuka. Babu jini a wurin, babu fatalwa, amma mai kallo ya fahimci cewa garkuwar gidan ta faɗi.

Noi kuwa ita ce tushen rikici. Can cikin fim aka tona cewa ba ƙin gadon kawai ta yi ba, dabara ta yi ta tura shi kan ƙanwarta, ta hanyar sa mata tufafinta da kuma ɓoye laya a takalminta. Wannan ya mayar da labarin daga na iskoki zuwa na 'yan'uwa, domin mai kallo zai tambayi kansa ko rayuwar Nim gaba ɗaya a kan yaudara aka gina ta. Ita kuma Narilya Gulmongkolpech, wadda ta fito a Mink, ta nuna canjin yarinya mai aikin ofis da son kwalliya zuwa abin tsoro mataki mataki, da idanu da murya da yanayin zama.

(c) Rufewa

Bayan duk an gama kashe-kashe sai aka dawo da wata hira da aka yi da Nim kafin rasuwarta. A cikinta ta bayyana cewa ita kanta ba ta taɓa samun tabbacin Ba Yan tana jikinta ba, ta tashi ta shige ɗaki tana kuka. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta tilasta wa mai kallo ya sake auna duk abin da ya gani. Fim ɗin bai yanke hukunci a kan ko Ba Yan ta gudu ne, ko an rinjaye ta, ko kuwa dama babu ita. Ya bar wa mai kallo.

4.3.4 Raunin Fim

(a) Zubi da Tsari

Rauni na farko yana cikin salon da aka zaɓa, wato kwaikwayon shirin gaskiya. Sharaɗin wannan salo shi ne duk abin da mai kallo ya gani, wani ne a cikin labarin ya ɗauka. A rabin farko salon ya taimaka, domin hira da Nim da bin ta wuraren aiki abu ne da mai ɗaukar shiri zai yi. Amma a rabi na biyu hankali ba ya ɗauka. Ana cin naman mutum a gabansa, mai kyamara yana tsaye yana ɗauka. Ana bin sa za a kashe shi, bai yar da kyamarar ba. Haka kuma iyalin sun kalli hoton kyamarorin tsaro sun ga Mink ta dafa karen gidan ta ci, amma suka ci gaba da kwana gida ɗaya da ita, har da jariri. Duk mai kallo ya san cewa a irin wannan hali jariri ake fara ɗaukewa. An bar shi ne kawai domin a samu hanyar ɓata aikin Santi, lokacin da Mink ta kwaikwayi kukansa, uwarsa Pang ta buɗe ƙofar da aka ce kada a buɗe. A nan hannun marubuci ya fito fili.

(b) Rushewar Ƙa'ida

Rauni na biyu shi ne mafi girma a ganin wannan nazari. A bori kowace iska tana da sunanta da kirarinta da kiɗanta da tufafinta da cutar da take sawa. Ɗan Galadima daban, Sarkin Rafi daban, Kuturu daban, Inna daban. Wanda ya san bori yana iya gane wadda ta hau daga zama da magana, kuma akwai hanyar sauka da aka sani, wato atishawa. Wannan tsari shi yake ba abin kwarjini, domin iska mai suna ana iya yi mata magana, ana iya roƙonta, ana iya saɓa mata. Fim ɗin ya fara da irin wannan tsari a kan Ba Yan, amma da ya zo ga abin da ya kama Mink sai aka ce ruhohi ne barkatai, na mutane da na dabbobi, babu suna, babu buƙata sai ɓarna. Daga nan Mink ta daina zama tauraruwa ta koma dodo. A fitowa ta ƙarshe almajiran Santi suna rarrafe suna cizon mutane kamar a fina-finan gawa mai tafiya na Amurka. Fim ɗin ya saki abin da yake nasa ya kama na aro, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

(c) Matsalar Alhaki

Hausawa suna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A wannan fim kwikwiyon ya bar masu shi ya bi yarinya. Kakannin ubanta ne suka yi kisa, kakanta ne ya ƙone masana'antarsa domin kuɗin inshora, uwarta ce ta guji gado take kuma sayar da naman kare, amma jikin Mink ne aka wulaƙanta daga farko har ƙarshe. Ana iya kare fim ɗin da cewa a tunanin mabiya addinin Buda da al'adun Isan sakamakon aiki yana iya bin zuri'a. Duk da haka mai kallo Musulmi, wanda ya tashi a kan cewa kowa kayan laifinsa zai ɗauka, zai ga an yi zalunci ba tare da fim ɗin ya tsaya ya dubi zaluncin ba. Ba a ba Mink ko fitowa ɗaya ba a rabi na biyu da za ta yi magana da bakinta a kan abin da yake samunta.

(d) Batsa da Zubar da Jini

Bugu da ƙari, an tsawaita wasu fitowa da ba su ƙara wa labari komai ba. Hoton lalatar Mink a ofis, da bin ta da kyamara har ƙofar bayan gida, da abin da aka yi wa kare da jariri, duk ana iya isar da saƙonsu da ishara. Mai ba da umarnin ya nuna ya iya ishara a fitowar gunki, don haka ba rashin iyawa ba ne, zaɓi ne. Illar wannan a wuri kamar Hanwa a fili take. Fim ɗin da yake cikin waya yana wucewa daga hannu zuwa hannu ba tare da la'akari da shekarun mai kallo ba, kuma ba fim ne da za a kalla a tsakar gida tare da iyaye da ƙanne ba.

(e) Harshe

An yi yawancin maganganun fim ɗin da karin harshen Isan, wanda yake kusa da na ƙasar Lawos. Wannan nagarta ce ga mutanen Tailan, domin ya ƙara wa labarin kamannin gaskiya. Amma ga baƙo, wanda ya dogara da fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, duk nauyin fim ɗin yana cikin hirarrakin Nim ne. Wanda bai bi rubutun ba zai tsallake su ya tafi wurin jini, ya ɗauki ƙaiƙayi ya bar tsaba.

4.3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa The Medium fim ne mai rabi biyu da ba su yi daidai ba. Rabin farko nazari ne mai zurfi a kan gado da zumunci da imani, wanda taurarin suka ɗauka da gwaninta. Rabi na biyu kuwa ya karya ƙa'idar salonsa da ta duniyar iskokin da ya gina, ya koma neman firgita mai kallo ta kowace hanya. Hirar ƙarshe ta Nim ta ceto wani abu daga darajarsa, amma ba ta goge raunin ba.

Darasin da masu shirya fina-finan Hausa za su ɗauka shi ne, tsoro mai ɗorewa daga sanin al'ada yake fitowa. Aljani mai dogayen farata da jajayen idanu da aka haɗa da kwamfuta dariya yake ba mai kallo. Amma labarin gidan da aka gaji bori, jika ta yi karatun boko da na addini ta ce ba ta yi, dangi suka rabu tsakanin masu cewa a yi girka da masu cewa a yi ruƙiyya da masu cewa a tafi asibitin Shika, labari ne da yake nan a ƙasar Hausa yana jiran mai ɗauka. Sashe na gaba zai dubi yadda fina-finan Hausa suka sarrafa wannan jigo.