Dardumar Turkmen: Gaskiyarta Tana Bayanta

Dillalan Turai sun daɗe suna kiran jar dardumar nan mai jerin tambura da sunan "Bukhara". Ba a Bukhara aka saƙa ta ba, can dai kasuwarta take ci. Masu aikin su ne matan Turkmen, makiyaya mazauna tanti a kewayen hamadar Karakum, kuma sunan kasuwa ya danne nasu, tamkar kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Tun asali ba domin sayarwa suke saƙa ba. Yarinya takan tashi a gefen masaƙar uwarta, wadda ake kafawa kwance a ƙasa don a iya naɗe ta ranar ƙaura, ta fara haɗa kayan ɗakinta: labulen ƙofar tanti da suke kira ensi, manyan jakunkunan chuwal na ajiyar kaya, da asmalik mai kusurwa biyar da ake rataya wa raƙumin amarya. Zaren na gashin tumakinsu ne. Jan launin daga saiwar wani tsiro ake samunsa, a kama shi da alif, shuɗin kuwa na baba ne. Tsiro guda ne, amma yakan ba da ja mai haske, da ja mai duhu kamar hanta, gwargwadon hannun mai rini.

Tamburan da ke jere a tsakiya su ake kira gul, kuma a kansu gardama take. Wata masaniya ta zamanin Tarayyar Sobiyet, Valentina Moshkova, ta yi bayanin cewa gul tambarin ƙabila ne: Teke da nasu, Salor da nasu, haka Yomut, Sarik, Ersari da Chodor. Ta ƙara da cewa idan aka ci ƙabila da yaƙi, tambarinta yakan "mutu", ya sauka daga babbar darduma ya koma kan ƙananan jakunkuna. Salor su ne misalin da aka fi kawowa, domin bayan sojojin Farisa sun murƙushe su a Sarakhs a 1832, an ga zanensu a hannun Teke da Sarik.

Bayanin yana da daɗin ji, amma ni ban sakankance da shi gaba ɗaya ba. Zane abin aro ne. Amarya takan tafi da shi gidan miji, maƙwabciya ta gani ta kwaikwaya. Abin da ba ya aruwa cikin sauƙi shi ne yadda yatsu suka saba ƙulla zare tun ƙuruciya. Shi ya sa gwani yake kife darduma ya duba bayanta. Ƙullin Teke yana buɗewa ta dama, na Salor galibi ta hagu, yawancin na Yomut kuma a daidaice yake, ya kama zare biyu. Da wannan, da launin zaren gindi, da yawan ƙulli, ake gane hannun da ya yi aikin, ko da fuskar ta ɗauko zanen wasu.

Sai Rasha ta zo. Ta ci Geok Tepe a 1881, Merv ta miƙa wuya a 1884, jirgin ƙasa ya biyo baya da 'yan kasuwa da rinin kanti mai arha, wanda wani yakan zuba da zarar ya taɓa ruwa. Saƙar ba ta lalace nan take ba. Wasu dardumomin Teke na ƙarshen ƙarni na 19 ma sun fi na da ƙanƙantar ƙulli. Sai dai tamburan sun matsu, filin da ke tsakaninsu ya ƙuntata, domin mai saye yawan ado yake biya. Wannan sararin da tsoffin suke da shi ne masu tara kayan tarihi ke zuba kuɗi a kansa.

Yau gul biyar suna kan tutar Turkmenistan, akwai gidan tarihin darduma a Ashgabat, ana bikin ranarta kowace Lahadin ƙarshe ta watan Mayu, UNESCO kuma ta sanya sana'ar cikin gadon al'adun duniya a 2019.