Jinjina Ga Alƙalan Marayu Da Zawarawa

A Jamus akwai kotuna na musamman da ke sauraron ƙarar fansho, inshorar lafiya da tallafin marasa aiki, babbarsu kuma tana birnin Kassel tun 1954. A Bukkuyum, Anka da Gummi na Jihar Zamfara kuwa, kukan mai rauni a gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci yake sauka, musamman tun da Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'a a shekarar 2000.

Bazawara ce za ta shigo da goyo, mijinta ya rasu, danginsa sun riƙe gona. Alƙali ya sa a kira shaidu, a lissafa bashin mamaci a biya, a cika wasiyya, sannan a fitar wa matar tumuninta, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya. Kason marayu ya damƙa wa amintacce, magatakarda ya rubuta. Uban da ya guje wa ciyarwa kuwa, a yanka masa abin da zai riƙa kaiwa duk wata. Wanda hukunci bai gamsar ba, yana da damar ɗaukaka ƙara har Gusau.

Allah ya gafarta Malam, sannunku da ɗawainiya. Allah ya tsare ku da cin hanci, ya ƙara muku basira.